Shin Kyawun Tsari Shaidar Alheri Ne? Darasi Daga Ƙwayar Cutar Mura

Yabo da godiya su tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci abin da ido ke gani da abin da ya ɓuya gare shi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata ɗabi'a da ta zauna a zukatan jama'a, watau girmama duk wani aiki da aka ga an tsara shi da kyau, ba tare da an tsaya an tambayi inda aikin ya dosa ba. Idan aka ba da labarin ma'aikatan da suka haɗa baki suka kwashe dukiyar jama'a, kowa da takardar da ya sa wa hannu, har mai bincike ya rasa ta inda zai kama su, sai a ji wani ya girgiza kai yana cewa ai waɗannan sun iya, kuma a muryarsa sha'awa ta fi ƙyama yawa. Haka nan duk ƙungiyar da aka ga kanta a haɗe yake, kowa ya san matsayinsa, babu mai tsallake umarni, sai a ɗauka lalle tana kan gaskiya. To, shin kyawun tsari da haɗin kai shaida ne na alheri? Kuma mutumin da yake ɗan ƙaramin ma'aikaci a cikin tsararren zalunci, yana da rabo a cikin laifin ko kuwa tsarin ne zai ɗauka masa?

Suratul Baƙara ta karantar da cewa babu aibi a buga misali da ƙaramar halitta kamar sauro domin masu hankali su wa'azantu. Akwai kuwa wata halitta da ta fi sauro ƙanƙanta nesa ba kusa ba, wadda ke ɗauke da amsar tambayar nan a jikinta. Ita ce ƙwayar cutar mura mai tsanani, wadda likitoci ke kira infuluwenza. Idan aka jera guda 10,000 daga cikinta kafaɗa da kafaɗa, da ƙyar za su kai tsawon milimita ɗaya. Sai a shekarar 1933 wasu likitoci uku a birnin Landan suka samu ikon ware ta daga jikin ɗan Adam. Amma kafin a san ta, ta riga ta yi ɓarnar da tarihi bai manta ba. Annobar 1918, wadda mutanen ƙasar Hausa suka kira marisuwa, an ƙiyasta ta kashe mutum wajen miliyan 50 a duniya, a Nijeriya kaɗai kuwa wajen rabin miliyan. Har yanzu ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mura na kashe tsakanin mutum 290,000 zuwa 650,000 a kowace shekara.

Domin a fahimci yadda take aiki, sai a tuna cewa jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ɗakuna masu rai, waɗanda masana ke kira ƙwayoyin halitta. Kowane ɗaki yana da ƙurya inda aka ajiye kundin umarnin halitta, yana da masaƙa masu saƙa furotin bisa ga saƙon da ya fito daga ƙuryar, yana kuma da hanyoyi da 'yan dako masu kai kaya daga wannan sashe zuwa wancan. Ita kuwa ƙwayar mura ba ta da masaƙa, ba ta da 'yan dako, ba ta iya hayayyafa da kanta. Abin da ta mallaka shi ne ɗan ƙunshi, a wajensa akwai wasu ƙugiyoyi da take maƙalewa da su da wasu almakasai da take yanke kanta da su, waɗanda su ne ake nufi da haruffan H da N a sunaye irin su H1N1. A cikin ƙunshin kuma akwai nata kundin umarnin, wanda aka rubuta da sinadarin RNA, mai haruffa kimanin 13,500.

Abin mamaki game da wannan kundi shi ne ba a dunƙule yake ba. An raba shi zare takwas, mafi tsawo yana da haruffa wajen 2,300, mafi gajarta wajen 890. Kowane zare a naɗe yake a jikin wani furotin, a murɗe kamar igiya, kuma a kansa akwai ɗan magatakardan da ke kwafe shi. Kowane zare da aikinsa. Uku na samar da magatakardan, ɗaya ƙugiya, ɗaya almakashi, ɗaya abin naɗin, ɗaya bangon ƙunshin, na takwas kuma za a zo ga bayaninsa. Idan zare ɗaya ya ɓace, sauran bakwai ba su iya kammala komai su kaɗai.

Sa'ad da ƙwayar ta shiga hancin mutum ko maƙogwaronsa, sai ta maƙale a bangon wani ɗaki, ɗakin kuwa ya haɗiye ta kamar yadda yake haɗiye abincinsa. A ciki ƙunshin ya buɗe, zaren nan takwas su wuce kai tsaye zuwa ƙurya. A nan suke da wata matsala. Masaƙan ɗakin ba su karɓar saƙo sai yana sanye da wata alama a kansa, wadda masana suka kira hula, domin ita ce shaidar cewa daga hukumar ɗakin ya fito. To, a ƙarshen shekarun 1970, wani masani mai suna Robert Krug da abokan aikinsa a birnin New York suka gano dabarar da ƙwayar ke yi. Magatakardanta yakan tare saƙon ɗakin na gaskiya, ya guntule kansa tare da hular da haruffa 10 zuwa 13, ya liƙa a kan nasa saƙon. Masaƙa da sun ga hula sai su kama aiki. Ta haka ɗakin ke komawa masana'antar abokin gabansa, da kayansa, da ma'aikatansa, da ƙarfinsa.

Bayan 'yan awoyi ɗakin ya cika da dubban zare na kowane iri, a cakuɗe. Yanzu kowane sabon ƙunshi yana bukatar zare takwas, ɗaya daga kowane iri. Masana sun daɗe suna gardama a kan yadda hakan ke faruwa. Wasu suka ce ɗibar karan mahaukaciya ake yi, wanda ya dace ya dace. Amma lissafi bai goyi bayansu ba. Idan aka cika buhu da tsaba iri takwas daidai wa daida, aka rufe wa mutum ido aka ce ya ɗebo guda takwas, sau ɗaya ne kacal cikin kimanin 416 zai dace da ɗaya daga kowane iri. A shekarar 2006 wasu masana 'yan ƙasar Jafan, Takeshi Noda da Yoshihiro Kawaoka da abokan aikinsu, suka yanka ƙwayar suka duba cikinta da madubi mai ƙarfin gaske, sai suka ga zaren a jere cikin ƙa'ida, ɗaya a tsakiya bakwai sun kewaye shi, tamkar tsintsiya mai maɗauri ɗaya.

Binciken da ya biyo baya ya ƙara fito da yadda wannan haɗuwa ke gudana. Zaren sukan fito daga ƙurya su hau waɗansu ƙananan jakunkuna da ɗakin ke jigilar kayansa da su, abin da aka tabbatar a 2011. A kan hanya suke haɗuwa bibbiyu da uku-uku, kuma a 2019 masu bincike a ƙasar Fotugal suka nuna cewa sukan taru a waɗansu wurare masu kama da ɗigon ruwa, inda suke cuɗanya har kowa ya sami abokan tafiyarsa. A ƙarshen kowane zare akwai haruffan da ke zama alamar gane juna, zare ya riƙe zare ta wurinsu. Idan aka ɓata alamar zare ɗaya, wani lokaci har waɗansu zaren ma sai su kasa shiga ƙunshin. A 2018 kuma aka ga cewa idan aka hana ƙwayar zare ɗaya, takan jawo wani guntun RNA na ɗakin ta cike gurbin, domin dai jerin nan na ɗaya da bakwai ya tsaya. Ana samun kuskure, ƙunshi da yawa kan fito da naƙasa, amma waɗanda suka cika sun isa su kwantar da gari. Idan takwas ɗin suka isa bangon ɗakin, sai su lulluɓe da wani yanki na bangon su ɓullo waje, almakashi ya yanke abin da ke riƙe su, su nufi ɗaki na gaba. Ɗakin da ya yi musu hidima kuwa mutuwa yake yi.

Mai hankali idan ya dubi wannan, zai ga duk siffofin da ake yabon jama'a da su sun taru a nan. Akwai rabon aiki, akwai sanin matsayi, akwai riƙon juna, babu mai tafiya ya bar ɗan'uwansa. Amma sakamakon wannan haɗin kai shi ne zazzaɓi da ciwon haƙarƙari da makara. Wannan ba ya rage komai daga hikimar Mahalicci. Aƙidar Musulmi ita ce alheri da sharri duk da ƙaddarar Allah suke, kuma Suratun Namli ta tabbatar da cewa babu abin da ya halitta face ya kyautata ƙirarsa. Kyawun ƙirar kunama da na ƙudan zuma daga hannu ɗaya suka fito. Saboda haka tsarin da ke jikin halitta shaida ne a kan ikon wanda ya yi ta. Bai zama shaida a kan cewa halittar za ta amfani wanda ta shiga jikinsa ba. Wanda ya cakuɗa waɗannan shaidu biyu shi ne ke ganin azzalumi ya shirya sai ya ce Allah na tare da shi.

Tarihin Makka ya ƙunshi tarurruka biyu da suka isa hujja. Kafin aiko Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wani babban mutum a Makka, Asi ɗan Wa'ilu, ya danne wa wani baƙon ɗan kasuwa daga Yaman kuɗin kayansa. Sai waɗansu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'ana suka ƙulla alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta har hakkinsa ya dawo. Wannan shi ne Hilful Fuduli, wanda Annabi ya halarta yana matashi, kuma ya yabe shi bayan zuwan Musulunci. A shekarar Hijira, watau 622 Miladiyya, Ƙuraishawa suka sake taruwa a Darun Nadwa, Abu Jahali ya kawo shawarar a ɗauko saurayi ɗaya ƙaƙƙarfa daga kowace ƙabila, a ba kowa takobi, su sari Annabi sara guda, domin jininsa ya rarrabu a kan ƙabilu duka, danginsa su kasa yaƙar kowa su karɓi diyya. Ta fuskar dabara, shirin Abu Jahali ya fi na farko tsaruwa, kuma yana kama da aikin ƙwayar nan ƙwarai, ɗaya daga kowane iri, a ɗaure su wuri guda. Gari ɗaya, ƙabila ɗaya, haɗin kai iri ɗaya, amma taro ɗaya ya sami yabon Annabi ɗaya kuma ya sami tozarci. Abin da ya raba su shi ne abin da aka haɗu a kansa. Shi ya sa Suratul Ma'ida da ta yi umarni da taimakon juna ta ƙayyade shi da aikin ɗa'a da taƙawa, ta kuma hana shi a kan saɓo da ƙetare iyaka a cikin aya guda.

Ita kanta ƙwayar murar ta ba da irin wannan misali. Tun da kundinta a rarrabe yake, idan ƙwayoyi biyu masu asali daban suka shiga ɗaki ɗaya, zarensu kan cakuɗu, a sami sabuwar ƙwaya mai zaren wannan da na waccan, wadda jikin mutane bai taɓa sani ba. A 1957 murar mutane ta karɓi zare uku daga murar tsuntsaye, aka yi annobar da ta faro daga Asiya. A 1968 ta karɓi zare biyu, aka yi annobar Hong Kong. Kowacce daga cikinsu ta ci rayuka wajen miliyan ɗaya ko fiye. Ta 2009, wadda aka fara gani a Meziko da Amurka, zarenta sun fito ne daga murar aladu da ta tsuntsaye da ta mutane. Tsoron irin wannan cakuɗuwa na daga cikin dalilan da suka sa hankalin duniya ya tashi sa'ad da murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gonar kaji a Jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006, karo na farko da aka tabbatar da irinta a kajin Afirka.

To, wannan musayar zare da ke haifar da annoba, ita ce kuma aka mayar hanyar rigakafi. Wani likita Ba'amurke mai suna Edwin Kilbourne ya nuna cewa idan aka sa ƙwayar da ke yawo a tsakanin mutane cikin ƙwan kaza tare da wata tsohuwar ƙwaya da aka samo a tsibirin Puerto Rico a 1934, wadda ta saba da hayayyafa a ƙwai, za a iya zaɓo 'yar da ta ɗauko ƙugiya da almakashi daga sabuwar, sauran zaren kuma daga tsohuwar. Sai a hayayyafa ta da yawa, a kashe ta, a yi allura da ita. Tun farkon shekarun 1970 ake amfani da wannan hanya, kuma ta tsare rayukan da Allah kaɗai ya san adadinsu. Hanya ɗaya ce, zare takwas ne, jerin ma bai canja ba. Niyyar mai riƙe da ita ce ta bambanta. Ba banza ba Imamu Buhari ya buɗe littafinsa da hadisin niyya.

Saura tambaya ta biyu, wadda ta fi shafar talaka da ƙaramin ma'aikaci. Ƙwayar mura ba ta kawo masaƙa ko ɗaya daga waje ba. Masaƙan ɗakin ne suka saƙa mata, 'yan dakon ɗakin suka yi mata jigila, bangon ɗakin ya zame mata riga. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Babu wani zalunci mai girma da mutum ɗaya ya taɓa aikatawa da hannunsa shi kaɗai. Ana bukatar akawun da zai rubuta, da ma'ajin da zai biya, da direban da zai ɗauka, da mai gadin da zai kau da kai. Kowannensu idan aka tambaye shi zai ce takarda ce ta zo da hatimi, shi kuwa aikinsa ya yi. Wannan ita ce hujjar masaƙan da suka ga hula suka kama saƙa.

Su masaƙan babu laifi a kansu, domin ba a ba su hankali ba, ba a ɗora musu amana ba. Ita ma ƙwayar ba za a tsayar da ita hisabi ba. Mutum kuwa an ba shi abin da zai karanta saƙo da shi bayan ya ga hatimi. Shi ya sa Suratul Ƙasasi da ta ambaci laifin Fir'auna da Hamana ta haɗa da rundunoninsu. Shi ya sa hadisin da Muslim ya ruwaito a kan riba ya haɗa mai ci da mai bayarwa da marubuci da shaidu biyu a cikin tsinuwa ɗaya. Buhari kuma ya ruwaito labarin wani shugaban runduna da ya fusata ya sa aka hura wuta ya umarci mutanensa su shiga, suka ƙi, da labari ya kai ga Annabi sai ya gaskata su, ya bayyana cewa biyayya a cikin abin kirki ne kawai take. Dabarar Abu Jahali ta rarraba jini a kan ƙabilu tana iya ruɗar masu neman fansa a duniya, amma a Lahira kowane saurayi da takobinsa za a tashe shi.

Mai karatu na iya cewa wannan hukunci ya yi tsauri ga mutumin da ke da iyali, wanda idan ya ƙi sa hannu za a kore shi, ko wanda bai ma san abin da takardar ta ƙunsa ba. Shari'a ba ta jahilci wannan ba. Wanda aka yaudara da gaske, bai sani ba kuma babu hanyar da zai sani, yana da uzuri. Wanda aka tilasta da barazanar kisa an yi masa rangwame, kamar yadda aka yi wa Ammaru ɗan Yasir sa'ad da aka azabtar da shi har ya furta abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba. Amma malamai sun haɗu a kan cewa tilas ba ta halatta wa mutum ya kashe wani domin ya tsira da ransa. Kuma akwai bambanci tsakanin wanda bai sani ba da wanda ya ƙi ya sani domin kada sanin ya ɗora masa nauyi. Tsoron rasa ƙarin girma ko fushin maigida bai kai matsayin tilas ba, ko da yake yawancin masu fakewa da tilas abin da ke gabansu ke nan.

Ko ɗakin nan marar hankali ma bai sallama baki ɗaya ba. A 1957 wasu masana biyu a Landan, Alick Isaacs da Jean Lindenmann, suna aiki da ƙwayar mura, suka gano cewa ɗakin da aka shiga yakan fitar da wani sinadari, wanda suka kira intaferon, domin ya faɗakar da maƙwabtansa su ƙulle ƙofofinsu. Sau da yawa shi ba ya tsira, amma kururuwarsa na tserar da waɗansu. Zare na takwas da aka jinkirta bayaninsa, wanda shi ne mafi gajarta, babban aikinsa shi ne samar da furotin da ke toshe wannan kururuwa. Watau a cikin zare takwas kacal da ƙwayar ta mallaka, ta ware ɗaya domin rufe bakin mai faɗakarwa. Haka kowane tsararren zalunci yake ware wani kaso na ƙarfinsa domin sayen shiru, da kyauta ko da barazana. Wanda ba shi da ikon tsayar da ɓarna da hannunsa, yana da ikon ya ƙi ba da hannun nasa, ya kuma faɗa wa wanda zai iya, kuma wannan mataki ne daga matakan hani da mummuna da Annabi ya jera.

Musulunci addinin tsari ne, tun daga sahun salla har zuwa rabon gado, kuma masu gaskiya idan suka zauna a warwatse alhali maɓarnata sun ɗaure kamar tsintsiya, su ma abin zargi ne. Likitocin da suka tsara rigakafi sun yi nasara ne domin sun yi haƙurin sanin tsarin abokin gaba zare bayan zare. Abin da ake nema ga Musulmi shi ne kafin ya yaba wa wata ƙungiya, ko ya shiga cikinta, ko ya sa hannu a takardar da ta zo teburinsa, ya tambayi abin da aka haɗu a kansa da wanda zai cutu idan aikin ya kammala. Allah ya tsare bayinsa daga annoba, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kuma haɗa kan al'umma a kan abin da ya yarda da shi. Amin.